Biyar Ɗin Da Dije Ta Ciza

Ku 'ya'yana, na san abin da kuke faɗa a tsakaninku idan zancen rugar Dije ya taso. Kuna cewa babanku ne ya hana ni fita ranar, ya tsaya a bakin zaure ya sallami mutumin da aka aiko. Binta ce ta fara faɗa, don ita ce a gida ranar, sauran kuka ɗauka kuka riƙe. Na ji ku da kunnena ba sau ɗaya ba, na yi gum. To, yau na gaji da gum ɗin. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, ku yi haƙuri da shi, kada wanda ya gyara mini komai, musamman kai babbansu, da ka saba gyara wa mutane magana tun kafin su rufe baki.

Sai na fara muku da naira biyar, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane abin da ya faru ba. Ku kun fi sanin ta a leda, 'yar ficiciya, wadda ko mai rake sai ya harare ku kafin ya karɓa. Ni kuwa lokacin da aka kawo ni gidan nan na Tsohon Birni, koriya ce shar, faffaɗa, in miji ya miƙo ta kuɗin cefane har maƙwabta sai sun ji a ƙamshin miya. Daga baya, zamanin soja, aka wayi gari an sauya mata launi ta koma shunayya, aka ce kowa ya kai tsofaffin banki cikin 'yan kwanaki, mutanen ƙauye suka yi ta tururuwa zuwa Birnin Gwari kamar an yi gobara. Amma mutumin da ke jikinta bai sauya ba, firaministanmu na farko ne da hularsa, fuskar nan a natse. A bayanta kuma wasu maza ne na kudu da gangunansu, suna tsakiyar rawa. Akwai rubutun ajami a jiki, wanda ko tsohon da bai taɓa leƙa boko ba zai karanta ya san nawa ya riƙe. In ka ɗaga ta ga rana sai ka ga mikiya ta fito a wurin da ka zaci fili ne. Lambarta kuma sau biyu aka buga, ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan. Can aka zo aka rage mata girma, aka cire ajamin, aka rubuta sunanta da boko cikin Hausa da Yarbanci da Ibo. Daga ƙarshe aka mai da ita leda mai 'yar taga da kake hango yatsanka ta ciki. Ledar nan ruwa ba ya cin ta, kuma in ba ka tsaga bakinta da wuƙa ba, sai ka yi ta ja tana miƙewa ba ta yage ba.

Kun san sana'ata. Shekara talatin da wani abu ina ungozoma, na koya wurin uwar mijina, daga baya aka kira mu asibiti aka ƙara mana, aka ba mu jaka da safar hannu. Rabin 'ya'yan unguwar nan ni na yanke musu cibiya, har da masu wuce ni yanzu a kan babur ba gaisuwa. Kuma ba cikin gari kaɗai ba. Rugagen da ke dajin nan ta hanyar Kutemeshi, babu wadda ban taka ba. A can na san Dije. Bafulatana ce doguwa, mai dariya da ƙarfi, tana kawo nono da man shanu kasuwarmu. Ni na karɓi haihuwar 'yarta Hawwa a cikin bukka, ranar da ruwa ya hana ni komowa sai da na kwana biyu. Tun daga nan muka ƙulla. Tana ce mini Yaya Hajo, ina ce mata mai bakin ganga, don in ta yi sallama a zaure har kajin bayan gida sai sun watse. Hawwa kuwa a cinyata ta koyi cin tuwon dawa da miyar kuka, kuma Binta ta san haka, don tare suke wasan 'yar tsana duk ranar kasuwa.

Sai daji ya lalace. Ba sai na ba ku labari ba, kun gani. Aka fara da kore shanu, aka koma ɗaukar mutane. Su Dije ma ba su tsira ba, an kwashe musu fiye da rabin garke. A gari kuma duk wanda aka gan shi yana shiga ruga sai a fara nuna shi da baki. Babanku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ce mini in daina aikina ba. Yana zaune a bakin kekensa na ɗinki ya ce:

"Hajo, ban hana ki ba. Amma yanzu kowa zai iya zuwa ya ce Dije ce ta aiko shi. Ki nemi wata shaida tsakaninku wadda ba mai iya ƙirƙira."

Waya ba ta shiga rugarsu, Dije kuma ba ta rubutu. Ina cikin tunani na tuna da wata tsohuwar biyar ta takarda, shunayyar nan mai ajami, da ta maƙale a ƙasan akwatina tun kafin a daina karɓar irinta. Ranar kasuwa na ja Dije ɗaki na raba takardar biyu a gabanta, na yi yagar a karkace da gangan. Na nuna mata lambar nan da ke kowane rabi. Na ce duk wanda za ta aiko ya zo da rabinta, in haɗa da nawa, in baki ya haɗu da baki, lamba ta yi daidai da lamba, ko tuwo nake tuƙawa zan ajiye muciya in bi shi. Ta kalli lambobin ta tuntsire da dariya.

"Yaya Hajo, ni ina na san waɗannan ƙwayoyin? Ba ni mai fuskar mutumin. Shi dai na gane shi."

Na ba ta rabin mai fuska, na riƙe mai mikiya. Sau uku aka zo mini da rabin nan cikin shekara biyu, sau uku na bi, na dawo lafiya, kowane zuwa in mayar mata da abinta ta ƙulle a bakin zani. Har na fara yi wa babanku gori, ina cewa dabarar mata ta fi ta teloli.

A daminar shekara ta uku abu ya ƙara tsananta. Wani mai allura a wani ƙauye kusa da mu, aka je aka ce masa mace ce ke naƙuda a ruga, ya ɗauki jakarsa ya bi. Ashe masu harbi a jiki aka kai shi ya yi wa magani. Lokacin da abin da zan faɗa muku ya faru, mako biyu ke nan ba a ji ɗuriyarsa ba. Matarsa na san ta, ni na karɓi haihuwarta biyu, na je jaje na tarar ta zauna ta zuba wa ƙofa ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Na dawo gida da hoton matar nan a kaina. Ban gaya wa kowa ba, amma tun daga ranar ko ƙarar babur na ji a bakin zaure sai in ajiye abin da nake yi in kasa kunne. Dije kuma ta yi wata guda ba ta shigo kasuwa ba. Labari ya zo cewa sun tashi daga inda suke sun haye rafi, sun ƙara nutsawa ciki. Na kuma san Hawwa, wadda aka aurar can wajen wasu dangin ubanta, ta dawo gida goyon ciki, watanta ya kama.

Ranar wata Talata ce, bayan azahar, an ɗauke ruwa ke nan rana ta buɗe. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, Binta na wanki, na ji babur ya tsaya, aka yi sallama da wata murya da ban sani ba. Babanku ya fita. Jim kaɗan ya leƙo ya ce in zo zaure. Na tarar da wani mutum siriri, wandonsa duk taɓo har gwiwa, idanunsa jajur, ya yi rawani ya rufe haɓa. Ya durƙusa ya gaishe ni.

"Inna, ni ne Buba, mijin Hawwa. Surukata Dije ce ta aiko ni. Tun jiya da hantsi take naƙuda. Hannu ne ya fito, Inna, kai bai fito ba."

Hannu! Duk ungozoma ta san abin da wannan ke nufi. Ɗa ya zo a gicciye, kuma tsofaffin ruga ba su iya juya shi ba. Ni na iya, na yi sau da dama, in an kira ni da wuri. Na ce masa ina shaida. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kwance, ya miƙo mini.

Biyar ce, amma ta leda, sabuwa, kuma cikakkiya.

Na ce, "Wannan ba ita ba ce."

Ya ce, "Ita ta ba ni, Inna. Ta ce in kika ga mutumin za ki gane. Waccan ruwa ya cinye ta ranar da muka haye rafi, ta dame a bakin zani."

Na ce, "Kowa ma na da mutumin nan a aljihu. Je ka kasuwa ka gani, har mabarata."

Ya sunkuyar da kai. Ni kuma ina juya ledar a hannuna, kuma a nan ne nake so ku buɗe kunnuwanku. Tsakiyarta a miƙe take, ta yi fari-fari, an ja ta an sake ja, kuma ba a miƙe aka ja ba, a karkace, daidai yadda na yi tawa yagar. A bakinta na sama kuma ga shaidar haƙori, an ciza an sake cizawa. Haƙora biyu, da gurbi a tsakaninsu. Dije na da wushirya mai faɗi, wadda nake tsokanar ta cewa akuya za ta wuce ta ciki. Na ga matar nan a raina sarai, 'yarta na kwance tana nishi, ita kuma ta samo biyar a wurin wani, tana ta fama ta raba ta biyu don ta yi kama da shaidarmu, leda ta ƙi, ba ta tsaya neman wuƙa ba ta ce da surukinta ya ruga haka nan. Wallahi na gane. Ban yi shakka ba ko ta ƙwayar gero. Ɓarawon daji bai san yagarmu a karkace take ba, kuma ba shi da bakin Dije.

Babanku ya karɓa ya duba, ya kai ta bakin ƙofa wajen haske, ya sake dubawa. Shi tela ne, idonsa ba ya wuce ƙaramin abu. Ya ce da Buba ya ɗan jira, ya ja ni soro na ciki, ya yi ƙasa da murya.

"Hajo, kin ga haƙoran nan?"

Na ce, "Haƙori kowa na da shi."

"Haba Hajo. Ɗauko jakarki. Ba zan bar ki ki hau bayansa ba, ni zan kai ki da nawa babur, mu bi shi a baya. In mun tashi yanzu, kafin la'asar sakaliya mun isa rafin."

Ya riga ya sa hannu ya zaro makullin daga ƙusa. Mutumin da kuke ce wa matsoraci ke nan. Ni kuwa ban nufi wajen jakar ba. Na tuna matar mai allura da idonta a kan ƙofa. Na tuna hanyar, ciyawa ta fi mutum tsawo, ko Buba na gaskiya ne, dajin da za mu ratsa ba nasa ba ne. Na tuna cewa in aka tare mu, mu biyu za a ɗauka, gidan nan ba uwa ba uba. Duk waɗannan dalilai ne, kuma na yi shekaru ina jera wa kaina su. Amma gaskiyar ita ce tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, har fitsari na ji yana neman kuɓuce mini. Na riƙe hannun rigarsa na ce:

"Malam, ba zan iya ba. Kuma ba zan iya fita in ce masa ba zan iya ba. Ka ce kai ka hana."

Ya dube ni ya daɗe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya mayar da makullin a ƙusa a hankali, ya gyara hularsa, ya fita. Ina bayan ƙofa ina jin sa, kuma Binta ta bar wankinta ta matso, abin da ya shiga kunnenta ke nan:

"Ka yi haƙuri, Buba. Shaida ba ta cika ba, ni kuma ba zan bar iyalina ta shiga daji a kan haka ba. Ni na hana."

Buba ya yi magiya. Ya rantse da Allah, ya ce a riƙe babur ɗinsa, ya ce a kira duk wanda ya san Fulanin wajen a tambaye shi. Babanku ya ce su ɗauko ta su kawo asibitin Birnin Gwari, shi zai jira su a bakin hanya da mota ko nawa ne. Buba ya ce rafi ya kawo, shi ma da ƙyar ya tura babur ya haye, mace a wannan hali ba ta zaunuwa. Na tura Binta da safar hannu da sabuwar reza da sabulu ta miƙa masa, kamar wani abu za su yi. Ya karɓa, ya tsaya kaɗan ko zan fito. Ban fito ba. Na ji tashin babur, na ji ƙararsa na raguwa har ta ɓace.

Binta ta juyo kan babanta tana kuka, ta faɗa masa maganganun da 'ya ba ta faɗa wa uba. Ya zauna a bakin keke, ya ɗauki wata riga yana warware ɗinkin da ba abin da ya same shi. Na koma kan shinkafata ina tsinta, ban ga tsakuwa ko ɗaya ba. Da la'asar ya shigo ya tsaya a kaina ya ce har yanzu da sauran rana. Na yi kamar ban ji ba.

Kwana uku bayan nan wasu masu kawo nono suka zo da labari. Hawwa ta rasu washegarin zuwan Buba da safe, da ita da abin da ke cikinta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka har muryata ta dushe, mata suna ta ba ni haƙuri, suna cewa ba laifina ba ne, mace ba ta ƙetare maganar miji. Ina ji ina gyaɗa kai. Babanku kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko cikin faɗa, ko da wasa. Ke Binta kin yi kusan shekara ba kya haɗa ido da shi, yana gani, ya haɗiye. Sau ɗaya kawai na ce masa bari in gaya miki, ya ce in bari, yarinya ta fi buƙatar uwarta.

Bayan an yi arba'in, ranar wata kasuwa, na ji sallama a tsakar gida, ƙasa-ƙasa, har sai da aka maimaita kafin na gane mai ita. Dije ce. Ta rame, zanin ya yi mata yawa. Ta ajiye ƙwarya a gefe, ta zauna a ƙasa ta ƙi hawa tabarma. Na yi mata gaisuwa, ina jiran ta zage ni, wallahi da na ji daɗi. Sai ta kama hannuna.

"Yaya Hajo, na zo ne in ce kada ki riƙe Malam a zuci. Gaskiyarsa ce. Ku kun cika alkawari, ni ce na yar da shaida. Kin ce in adana, na ƙulle a zani na shiga ruwa da ita kamar marar hankali. Ni na kashe Hawwa."

Na ce ta daina faɗin haka, kwana ne ya ƙare. Ta girgiza kai. Ta ce ba ta barci, kullum tana ganin hannun nan. Can ta ɗago ta dube ni, ta ce akwai abu ɗaya da take so ta tambaye ni, don shi ne ke cin ta.

"Na so in raba ta, ta ƙi. Na ja, na ciza, na ce ko Yaya za ta ga wurin ta san ni ce. Buba ya ce ya miƙa miki, sai Malam ya karɓa. Ke kin duba ta da kyau kuwa? Kin ga inda na ciza?"

Babanku na zaure, ƙarar kekensa ta tsaya. Na san yana ji. Dije na riƙe da hannuna, idonta cikin nawa, ba zargi a ciki ko kaɗan, jira kawai take.

Na ce, "Ban gani ba, Dije."

Ta sauke ajiyar zuciya, har kafaɗunta suka sauka.

"Alhamdulillahi. Na faɗa musu. Na ce da Yaya Hajo ta gani, ko Malam ya ɗaure ta da igiya sai ta zo."

Ta jawo ƙwaryar ta buɗe, man shanu ne, curi uku, daga 'yan shanun da suka rage musu. Ta ce na kawo miki, kin daɗe ba ki ci na hannuna ba. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya, na raka ta har bakin zaure. A ƙarshen daminar suka tashi suka yi kudu da abin da ya saura, ban sake ganin ta ba, kuma bara aka gaya mini ta rasu. Ta tafi tana ganin ita ce ta kashe 'yarta, kuma ni ce na bar ta ta tafi da shi.